Tattasai Buhu Goma a Hawa na Uku

Wata bakwai ke nan da Rhonda Pickett ta sauka a Prilep, amma har yanzu idan ta farka da safe ta ji ƙararrawar coci da ƙarar motar masu kai burodi, sai ta kama murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Shekarunta sittin da uku. Talatin daga ciki ta yi su ne a bayan sitiyarin motar 'yan makaranta a wani ɗan gari na jihar Nebraska, inda ba abin da ido zai gani sai gonar masara. Mijinta ya rasu. Ɗanta tilo, Curtis, ya auri 'yar Makedoniya mai suna Lenche, ya biyo ta garinsu. Da labari ya je cewa an sami jika, Rhonda ta sayar da gida, ta raba wa 'yan cocinsu kujeru da tukwane, ta hau jirgi da akwati biyu.

Ba ta yarda ta zauna da su ba. Ta kama ɗan gida a hawa na uku na wani tsohon bene, layi biyu tsakaninta da su, ta shiga koyon yaren gari ba ji ba gani. Kalmomin da ta tara ba su wuce ɗari uku ba, tana kuwa jefa su duk inda suka faɗa: mace ta koma namiji, jiya ta koma gobe. Kowa ta haɗu da shi a hanya sai ta washe masa baki. Da farko mutanen unguwa sun ɗauka ko talla take yi ko kuma kan ne ba daidai ba. Daga baya suka saba, in ta wuce sai a ce, "Ba'amurkiyar ce, haka Allah ya yi ta."

Mutum ɗaya ce ta ƙi sabawa, wato Zorka, wadda ƙofarta ke kallon ta Rhonda. Tsohuwa ce 'yar shekara saba'in, gajeriya kakkaura, ta ƙare ƙuruciyarta a masana'antar taba. Sau ɗaya ta taɓa shiga gidan Rhonda, cikin watan Afrilu. Tun daga ranar, in sun haɗu a matakala, sai dai ta amsa gaisuwa a ciki-ciki ta wuce.

Abin ya daɗe yana cin Rhonda. Wata Alhamis a ƙarshen Satumba, tana gidan ɗanta, ta kasa haƙuri. Da surukarta Turanci suke yi, don haka bakinta a sake yake.

"Lenche, ki faɗa mini gaskiya. Me na yi wa matar nan?"

Lenche tana jijjiga jaririya a kafaɗa. "Ranar da ta shigo, me kika ba ta, Mama?"

"Na dafa mata gahawa. Na fito da kek ɗin tuffa irin na mahaifiyata, na ce bismilla, ta ce a'a, ta ƙoshi."

"Sai kuma me?"

"Sai na mayar cikin firij."

Lenche ta daina jijjiga yarinyar. "Sau nawa kika yi mata tayi?"

"Sau nawa kuma? Ta ce ba ta ci."

"Ke fa, kin ci?"

"Na riga na yanka nawa, ai ba zan bar shi ya bushe ba."

"A gabanta?"

"To a bayanta zan ci?"

Sai da Lenche ta miƙa wa Curtis jaririyar kafin ta zube a kujera, tana dariya har da hawaye. Da ta sami numfashi ta ce, "Mama, Gwaggo Zorka ta zo da yunwarta ne. A'a ta farko gaisuwa ce kawai. Ta biyu kunya ce. Sai a ta uku ko ta huɗu mutum yake cewa, to tunda kin matsa, ɗan kaɗan. Ke kuwa kin ɗauke faranti, kin zauna kina tauna tana kallonki."

"Ni shekarata ta farko acici suke ce mini," in ji Curtis, "don da an miƙo nake karɓa."

Maimakon kunya, murna ce ta kama Rhonda. Ashe abin yana da ƙa'ida. Ta sa Lenche ta nuna mata yadda ake yi: hannu a ƙirji, kai a ɗan karkace, murmushi, sannan "a'a, Allah kuwa na ƙoshi." Suka yi ta bita da farantin inabi har Curtis ya ce su rufa masa asiri yarinya ta yi barci. A hanyar gida Rhonda tana tafe tana gwadawa, har wani tsoho da ke zaune a ƙofar shagon aski ya ɗauka da shi take, ya cire mata hula.

Ranar Asabar ta shiga kasuwa. Lokacin aibar ne, wato markaɗen gasasshen tattasai da ake dafawa a ɗura a kwalabe a ajiye, tattasai ya cika ko'ina, dogaye, ja wur, an jibge su buhu kan buhu. Gari duk ya ɗauki ƙamshin gashi, kowace unguwa da hayaƙinta. Ita Rhonda a kanti take sayen nata aibar ɗin, kwalba ɗaya duk mako biyu, ta shafa a burodi da safe, ba ta taɓa tunanin akwai abin kunya a ciki ba.

Tana wucewa ta ji an kira ta. Kire ne, ƙanen Zorka, manomi daga ƙauye, mai farin gashin baki da wuya kamar na bijimi. Ya san ta, don yakan zo wurin yayarsa.

"Uwar Curtis, zo ki ga kaya. Kin yi aibar ɗin bana?"

Ta tsinci "aibar" da "bana" a cikin maganar. "A'a," in ji ta.

"To ai kin zo gida. Buhu nawa zan kawo miki?"

Ko rabin buhu Rhonda ba ta so. Ta buɗe baki da niyyar ta faɗi haka, amma kwana biyu tana bitar a'a irin ta Lenche a gaban madubi, jikinta ya riga ya haddace. Hannu ya tafi ƙirji da kansa, kai ya karkace, murmushi ya fito.

Kire ya gyaɗa kai, ya gamsu da tarbiyyarta. "Haba, kada ki ji nauyina, ai mun zama ɗaya. Nawa?"

"A'a, a'a," ta ce, ta ɗaga hannuwa biyu tana kaɗawa, yatsu a ware.

Ya dubi yatsun, ya ƙirga su da ido, ya ɗaga gira. "Goma? Lallai mutanen Amurka ba sa wasa da ciki."

Ta ji an ambaci ƙasarsu, ta yi dariya. "Eh, eh, Amurka."

Ranar Litinin da hantsi tana shan gahawa ta ji tarakta ta tsaya a ƙasa, ta ji ana hawa ana sauka da nishi, ba ta kawo komai a ranta ba. Sai da aka ƙwanƙwasa. Tana buɗewa ta ga ja ya rufe ko'ina. An jera buhunan raga tun daga bakin matakala har jikin ƙofar Zorka, tsayinsu ya kai ƙirjinta. Kire yana tsaye yana goge wuya da hula.

"Goma cif, kamar yadda kika ce." Ya ware mata yatsunsa.

Ta dubi yatsunsa, ta dubi nata. A nan ta gane. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta zauna daram a kan buhu tana riƙe da haƙarƙari. Ta so ta kira Lenche ta warware maganar, amma mutumin nan mai furfura ya hau bene hawa uku sau goma saboda ita, rigarsa sharkaf. Ta shiga ta ɗauko jaka ta sallame shi. Ya sauka yana fito.

Ba a jima ba ƙofar da ke bayan buhunan ta buɗe. Ɗankwalin Zorka da girarta kawai ake gani.

"Wane marar hankali ne ya toshe mini ƙofa?"

"Kire," in ji Rhonda.

"Ai na sani. Tun yana rarrafe haka yake."

Rhonda ta janye buhu uku ta yi mata hanya. Zorka ta fito ba ta ko dube ta ba. Ta zura yatsa cikin raga ta zaro tattasai ɗaya, ta karya, ta duba kaurin naman, ta shinshina.

"Aƙalla bai ba ki ruɓaɓɓe ba. Na wane ne?"

"Ni."

"Duka?"

"Duka. Kuskure. Baki ya ce a'a, hannu ya ce goma."

Gefen bakin Zorka ya motsa, amma ta danne. "To yaya za ki yi da su?"

Rhonda ta shiga ta fito da wayarta da kwalbar kanti, don ta nuna ta san abin da ake nufi. "Waya ta ce obin. Minti arba'in."

Zorka ta karɓi kwalbar da yatsu biyu, ta karanta jikinta, ta yi alamar gicciye a ƙirji. "Wannan kike ci? A benen nan? Wata bakwai?" Ta ajiye ta a ƙasa can gefe. "Kuma obin, ɗan akwatin gasa kek. Buhu goma a obin. Baiwar Allah, sai Kirsimeti kina gasawa."

"Ki taimake ni, maƙwabciya."

"A'a. Bayana ba ya bari. Ni na gama nawa tuni."

Saura kaɗan Rhonda ta ce to ba komai. Maganar har ta zo bakinta, ta haɗiye ta. Ta tuna da ƙa'idar da Lenche ta koya mata.

"Don Allah, Zorka. Ki taimake ni."

"Na ce miki bayana."

"Ni ban sani komai. Ke kin sani. Don Allah."

"Ina da wanki."

"Tattasai za su mutu," in ji Rhonda, ta dafa buhu kamar mai dafa maras lafiya.

Zorka ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta dubi sama. "To, tunda kin matsa. Nuna miki kawai zan yi." Tana faɗa hannunta yana bayan ƙofa, yana laluben ƙyallen aikinta da ke rataye a ƙusa.

Suka sauka ɗakin ajiya na ƙasan bene. Can bayan wani tsohon keke murhun gashin tattasai na Zorka yake, na ƙarfe, mai faffaɗan kai da bututun hayaƙi, yana da tsatsa da yanar gizo. Zorka ta share shi da gefen ƙyalle ta ce, "Kama can." Suka fito da shi filin da ke bayan bene, tsakanin garejoji da bishiyar goro irin ta ƙasar, suka koma suka yi ta sauko da buhunan da Kire ya sha wahalar hawa da su.

Hayaƙi bai gama miƙewa ba tagar ƙasa ta buɗe. Menka ce, tsohuwar malamar lissafi, siririya, taba a bakinta kullum. Ita da Zorka shekara arba'in suna gardama a kan komai.

"Zorka, murhunki nake gani ko idona ne?"

"Idonki ne. Koma ki kwanta."

"Na wa ake gasawa?"

"Na Ba'amurkiya. Buhu goma."

"Goma? Soja za ta ciyar?" Tagar ta rufe. Minti biyar sai ga Menka da kujera 'yar tsugunno da wuƙa, bayanta mata biyu daga hawa na biyu, kowacce da roba.

Aiki ya kankama. A goge tattasai, a jera a kan ƙarfe mai zafi, a juya har fatar ta yi baƙi ta kumbura, a zuba a tukunya a rufe ya yi gumi, sannan a ɓare fata a cire 'ya'ya. Rhonda ta ɓare uku, yatsunta suka yi baƙi suna danƙo, sai dabara ta zo mata. Ta ɗauki guda ta nufi famfo. Ba ta kai ga buɗe ruwan ba mata huɗu suka yi magana lokaci ɗaya, Zorka kuwa har ta taso, ciwon baya ya tafi hutu.

"Ruwa? Za ki wanke ɗanɗanon ki zubar a kwata?"

"Ku bar ta," in ji Menka. "A ƙasarsu ai har kaza da sabulu suke wankewa."

"Ke kin je ne?"

"Na gani a talabijin."

Rhonda ta dawo ta zauna a kan siminti, nan ma aka yi caa a kanta. Wata ta cusa mata matashi a ƙasa tana cewa sanyin siminti zai hana ta haihuwa.

"Shekara sittin da uku," in ji Rhonda tana nuna kanta.

"Ba a sani ba," in ji Menka. "Kire gwauro ne. Ba ya hawa bene sau goma don kowa. Ni bara a bakin titi ya zubar mini da nawa."

Rabin maganar Rhonda ta gane, amma dariyar matan ta fassara mata sauran. Ta rufe fuska da hannu, ta manta da baƙin da ke yatsunta. Da ta sauke hannun, har Zorka sai da ta juya baya kafaɗunta suna rawa.

Da la'asar sauran matan suka hau ɗora girki, Menka ta tafi sayo taba, aka bar su biyu da tulin da ya rage. Zorka tana ɓara ba ta ɗago ba, ta fara magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ba ta taɓa yi wa Rhonda ba.

"Blagoja ne yake juya mini tukunya. Mijina. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Yara suna Jamus, ba sa zuwa sai da rani. Wa zan yi wa?"

"Kin ce kin gama naki."

"Na ce."

Rhonda ta lalubo kalmomi a cikin ɗari ukunta. "Nawa Harold. Shekara huɗu. Yana da ɗaki, katako, guduma. Ban buɗe ba. Na sayar da gida, ban buɗe ba."

Zorka ta gyaɗa kai. Suka ci gaba da ɓara, ba abin da ake ji sai itace yana fashewa a murhu. Can Zorka ta jefa fata a bokiti ta ce, "Kek ɗin nan naki. Wata biyar ina tunaninsa. Har kirfa na ji a ciki."

"Akwai kirfa."

"Na sani. Ina zaune ina jin ƙamshi, ke kina ci kamar a gidan abinci."

Wannan karon tare suka yi dariyar, har Menka ta dawo ta tsaya tana kallonsu da zargi, tana tambayar ko da ita ake.

Kafin rana ta faɗi sun zuba ɓararren tattasai a buhunan raga sun rataye a garejin mijin Menka, ruwa yana ɗiga a robobi. Rhonda ta hau bene da ƙyar. Tufafinta, gashinta, har matashin kanta, komai ƙaurin hayaƙi yake.

Washegari da sassafe aka ɗaure injin niƙa na hannu a bakin tebur. Nan rigimar yalo ta tashi. Menka ta zo da baƙin yalo guda takwas da ta gasa a gida, ta ce aibar ba yalo ai miyar jarirai ce. Zorka ta ce yalo dabarar matsolo ce, don a cika kwalba. Suka juyo ga Rhonda, tunda kayan nata ne. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ce, "Huɗu." Kowacce ta tafi tana ƙunƙuni, kowacce kuma a ranta ita ta ci.

Aka ɗora faffaɗar tukunya, wadda yaro zai iya wanka a ciki, aka juye niƙa, aka kawo muciya mai tsayin mutum. Maza uku na benen suka fito suka jingina da ƙofar gareji suna ba da shawara. Wannan ya ce wuta ta yi yawa, wancan ya ce a zamanin mahaifiyarsa ba haka ake yi ba. Da Zorka ta miƙa musu muciya, ɗaya ya tuna yana da hawan jini, ɗaya kafaɗa, na ukun ya ce minti biyar zai yi waya.

"Kawo," in ji Rhonda.

"Awa huɗu ne fa," in ji Zorka, "ba tsayawa. In kika tsaya ya kama, in ya kama mun yi aikin banza."

"Kawo."

Zorka ta hau sama ta dawo da dogayen safa na ulu, na Blagoja, ta yanke bakinsu ta zura wa Rhonda a hannu har gwiwa, saboda tartsatsi. Rhonda ta kafa ƙafa, ta kama muciya. Tukunya ta fara tafasa tana tofi, ɗigo yana tsalle ya sauka a wuya, a goshi, a kan takalmi. Zorka tana zuba mai kaɗan-kaɗan daga gefe. Awa ɗaya ta wuce, mazan suka daina ba da shawara. A awa ta biyu matan hawa na biyu suka ce ta kawo su karɓe ta, ta girgiza kai. Ta kama wata waƙar coci da Turanci, tana juyawa daidai da amonta, fuskarta ja kamar abin da ke tukunyar.

"Wace irin mace ce wannan?" in ji mai hawan jini.

"Mota babba," in ji Rhonda tana haki. "Yara sittin. Sitiyari kamar dutse. Shekara talatin."

"Kun ji," in ji Zorka, ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. "Maƙwabciyata ce. Ƙofarmu ɗaya."

Wajen azahar Curtis da Lenche suka iso da jaririya. Curtis ya tsaya baki buɗe yana kallon uwarsa da safa a hannu, ya ce ta bari ya karɓa. Zorka ta ture shi da gwiwar hannu ta ce ya je ya wanke kwalabe, aikin nan ba na yara ba ne. Bayansu kaɗan sai ga Kire, ba tarakta yau, ya sa farar riga mai guga, ya taje gashin baki, yana riƙe da farin cuku a leda. Matan suka kalli juna. Menka ta cire taba daga baki don ta ji da kyau.

"Uwar Curtis, sannu da aiki. Na ce ba, wata mai zuwa kabeji zai nuna. In za ki yi na tsami, ganga biyu ma zan iya kawowa."

Rhonda ta ji hannunta yana neman tafiya ƙirji, ta ƙanƙame muciya. Ta juya ga surukarta da Turanci, da sauri. "Lenche, in mutum da gaske ba ya so, yaya yake yi?"

"Ki ɗaga haɓa sama, ki yi ɗan tsaki. Sau ɗaya. Kada ki yi murmushi."

Rhonda ta dubi Kire ido cikin ido, ta ɗaga haɓa, ta ja tsaki. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ta nufa, har jaririyar ta juyo.

Filin ya fashe da dariya. Menka ta shaƙe da hayaƙi sai da aka bubbuga mata baya. Kire ya dafa ƙirji ya ja da baya kamar an harbe shi, shi ma yana dariya. "Kwana biyu kacal da yayata," in ji shi, "har ta lalata ta."

"Ajiye cukun ka nemi wuri ka zauna," in ji Zorka.

Da awa huɗu ta cika, Zorka ta karɓi muciya ta ja layi a tsakiyar tukunya. Layin ya tsaya a buɗe, ƙasan tukunya yana ƙyalli, bai rufe ba sai a hankali. Ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri. Menka ta ɗanɗana ta ce ya yi yawa. Aka jero kwalabe masu zafi, aka cika, aka zuba ɗan mai a kai, aka rufe. Talatin da bakwai suka fito, da wata rabi.

Aka sauke tukunyar a ƙasa, kowa ya gutsuro burodi aka zagaye ta, manya da su, a tsugune, ana suɗe abin da ya maƙale a gefe, ana haɗawa da cukun Kire. Rhonda ta kai loma ta farko baki. Da zafinsa, ga zaƙi, ga ƙaurin itace can a ƙarshe. Ta sake gutsuro burodi.

Rabon kwalabe ya ci kusan awa guda. Rhonda tana turawa ana turo mata, Menka ta rantse ba za ta karɓa ba alhali biyu suna cikin aljihun rigarta. A ƙarshe kowa ya tafi da nasa, sha biyu suka shiga gidan Zorka, tana cewa ajiya kawai za ta yi mata.

Ranar Laraba Rhonda ta farka hannuwanta sun ƙi ɗaguwa. Ko kofi sai da hannu biyu ta kai baki. Tana zaune gashi a hargitse Zorka ta turo ƙofa ba sallama, da kwanon kindirmo. Ta shafa mata a duk inda tartsatsi ya ƙona, ta ɗauki mataji ta tsaya a bayanta tana taje mata kai, tana ja ba tausayi.

"Wannan furfurar fa? Takaba kike yi har yanzu?"

"Haka yake."

"Ba haka yake ba. Tashi, 'yar ƙanwar Menka tana da shago."

Awa biyu Rhonda ta yi a kujerar shagon, Zorka da Menka suna gefe suna gardamar launi. Da aka juyo da ita ga madubi ta ga wata mata mai gashi ja mai duhu, irin na Menka, irin na matan hawa na biyu, irin wanda ke leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalin Zorka. Ta juya kai dama, ta juya hagu, ta kasa rufe baki.

Suka fito su uku a jere, Rhonda a tsakiya, an saƙalo hannuwanta ta kowane gefe. Daidai gidan burodi sai ga Curtis yana tahowa da sauri, leda a hannu, ido a kan waya. Ya ɗago ya ga tsofaffi uku, ya ɗan rusuna ya ce da yaren gari, "Barkanku da rana, iyaye," ya wuce.

"Barka kadai, ɗan nan," in ji Rhonda. "A gaida gida."

Ya yi taku biyar ko shida kafin ya gane muryar uwarsa, ya tsaya cak. Su kuwa ba su waiwaya ba. Menka ta ce su yi sauri, in ba haka ba za su tarar an kama musu tebur a wurin shan gahawa.